Malam Sambo Ya Binciki Dokta

A Unguwar Kanawa, in manemi ya turo magabatansa neman aure, kafin a ce masa e ko a'a sai an ce, "A kira Malam Sambo." Ba liman ba ne, ba mai unguwa ba ne, ba kuma wani mai hali ba. Tsohon direban ma'aikata ne da ya yi ritaya, gajere, mai ɗan tumbi, mai son babbar riga ko da rana ta take. Aikin da ya ɗora wa kansa har mutane suka sallama masa shi ne binciken aure. A ba shi sunan manemi da unguwarsu, ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi, in ya dawo ya ce a ba shi ko kada a ba shi, kuma abin da ya faɗa shi ake yi. Ba biyansa ake yi ba, daga goro sai godiya, amma girman kan da aikin nan ya sa masa, wallahi ko alƙali albarka.

A nan unguwar aka haife shi, ubansa mai wankin hula ne. Boko iyakarsa firamare. Wansa Yakubu ne ya koya masa tuƙi, shi ne kuma ya yi masa hanya ya shiga aikin gwamnati. Can ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buɗe wa manya ƙofar mota, kuma ya ga abin da ya gani. Akwai wanda zai fito daga taro ya gama jawabi a kan tausayin talaka, yana shiga mota ya zage shi ta uwa ta uba don ya taka rami. Akwai wanda zai shiga walima ya ci kaji, ya bar shi a rana ko ruwa babu. Sai ka ɗauka wanda ya sha irin wannan zai fi kowa sanin cewa halin mutum wurin na ƙasa da shi ake jin sa. Ina! Darasin da Sambo ya kwaso daban ne: babba babba ne, in ya zage ka ma ka ce ka gode. Har gobe in ya ji an ce Dokta ko Darakta, sai ka ga kafaɗunsa sun rusuna da kansu.

Tambayoyinsa ba sa canzawa. Yana salla? Ɗan waye? Me yake yi? Yana shaye-shaye ko neman mata? Waɗanda yake tambaya su ma ba sa canzawa: liman, mai shayi, da dattijan da ke zaman majalisa a bakin layi. In waɗannan sun wanke mutum, shi ke nan ya wanku. Kullum taƙamarsa ita ce, "Ni ban taɓa bincike aure ya mutu ba." Ƙarya yake yi, sun mutu da dama. Sai dai duk wanda ya mutu, sai ya ce yarinyar ce ba ta da haƙuri.

To, ana nan sai aiki ya zo cikin gida. Yakubu ya rasu tun 'yarsa Zahra'u tana sakandare, ya bar ta da uwarta Kaltume, Sambo ne ya zama waliyyinta. Kuma a faɗi gaskiya, yana son yarinyar nan. A bayan babur ɗinsa ta je rubuta jarrabawar fita, shi ya ɗauki akwatinta a ka ranar da ta shiga kwalejin horon malamai. Yanzu ta zama malama a wata firamare a Kinkinau, ta doshi talatin, mace mai hankalin kanta, wadda ta sallami manema ba ɗaya ba ba biyu ba. Wanda ya fito wannan karon malamin jami'a ne a nan cikin gari, Dokta Sharhabil, mazaunin Unguwar Sarki. Karatu ne ya jinkirta masa aure. Ya gan ta ne wata rana da ya kai 'ya'yan ƙanwarsa makaranta. Mutum ne tsaf-tsaf, mai magana a hankali kamar ba ya so. Babu wanda ya tilasta mata, ita ta ji yana kwanta mata a rai.

Kaltume ta aika aka kira Sambo. Ta ce, "Baffan yara, ga amanar wanka nan. Ka duba mana mutumin nan da kyau."

Ya ce, "Haba Yaya, na yi wa na waje balle nawa?"

Ya hau babur sai Unguwar Sarki. Liman ya ce Dokta ba ya wuce sahun farko, shi ya sauya wa masallaci darduma. Mai shayi ya ce ai irinsu ba sa zama a teburinsa, amma bai taɓa wucewa bai ɗaga hannu ba. Dattijan majalisa suka ce sun san ubansa, gidan mutunci ne. Sambo ya dawo baki har kunne, tun a zaure yake cewa Allah ya kashe ya ba su.

Bayan ya gama ba Kaltume labari, sai Zahra'u ta matso ta durƙusa gefen kujerarsa da waya a hannu. Ta ce, "Baffa, akwai abin da nake so in nuna maka."

Abin da ta nuna masa shafi ne da ɗaliban jami'ar suka buɗe a intanet. Duk wanda ya yi kwas a hannun malami sai ya shiga ya ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da ya sa sunansa ba. Amfaninsa shi ne na baya su san wanda za su zaɓa ya duba musu kundin kammala karatu, da wanda za su shiga ajinsa da shiri. Ba wani abin ɓoye ba ne, kowa na iya buɗewa. Ita ma sunan Dokta kawai ta rubuta, sai ga shi.

Ta fara karanta masa tana fassarawa. A wajen sanin karatu, kusan kowa ya cika wa Dokta taurarinsa. Babu wanda ya ce yana karɓar na goro, babu wadda ta ce ya neme ta. Amma a wajen mu'amala, tauraro ɗai-ɗai ne jere. Wani ya ce ya taɓa gyara masa lissafi a allo tun yana aji ɗaya, Dokta ya riƙe abin har ajin ƙarshe, ya ƙi sa masa hannu a kundi sai da abokansa suka fita suka bar shi. Wata ta ce ta rasa gwaji saboda rasuwar mahaifinta, ya ce mata ai mutuwa ba ta cikin jadawalinsa. Wasu da yawa suka ce in mutum ɗaya ya ɓata masa rai, ajin gaba ɗaya yake ɗauke wa wuta: ya shigo, ya cika allo da rubutu, ya fita, makonni ba ya ce musu uffan.

Tun ba ta kai ƙarshe ba Sambo ya ɗaga mata hannu. Idanunsa har sun kaɗa.

"Ke dakata! Yau na ji ikon Allah. Yara ne za su zauna su auna malaminsu kamar tumatir a kasuwa? Mu a zamaninmu malami ya zane ka, ka je gida a ƙara maka. Su waye suka rubuta? 'Ya'yan waye?"

"Ba sa sa suna, Baffa."

"Ka ji! Shaida ba suna, ba fuska, ba asali. Matsorata ke nan."

"Baffa, ai in sun sa suna kayar da su zai yi."

"Da ma raggaye ne da suka faɗi jarrabawa, suka zo suna huce haushi."

Zahra'u ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe masa wani malamin a sashe ɗaya da Dokta, wanda ɗalibai suka ce ya fi kowa tsaurin maki, har wani ya rubuta cewa sau biyu yana maimaita kwas ɗinsa. Amma duk da haka sun yabe shi, sun ce yana saurare, in ya yi kuskure yana karɓa. Ta ce, "Da haushin faɗuwa ne, ai da wannan za su fi zagi. Ni ban ce duka gaskiya ba ne, Baffa. Na ga wani ma takalmin malami ya zauna yana kushewa. Amma waɗannan shekarunsu daban-daban, wasu sun fita tun kafin wasu su shigo, kuma magana ɗaya suke yi. Tsoro ne ya kama ni. Ka bincika min wannan ɗin ma. Abin da ka ce shi zan bi, don ba ni da uban da ya wuce ka."

Ai ko wannan magana ta isa ta sa mutum ya nutsu. Liman minti nawa yake ganin Dokta a rana? Mai shayi ɗaga hannu kawai ya sani. Yaran nan kuwa a ƙarƙashin hannunsa suke zaune, makomarsu tana aljihunsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar aure ba zaman liman za ta yi da shi ba, zaman da ya fi kusa da na yaran za ta yi. Amma Sambo ba don ya ji gaskiya ya amsa zai je ba. Ya amsa ne don ya kunyata waya.

Washegari ya saka babbar rigarsa mai aiki, ya kafa hula, ya nufi jami'a. Ya yi tambaya aka nuna masa sashen su Dokta. Ya tarar da ɗalibai zaune a gindin wata bishiya suna jiran lacca, bishiyar kuwa daidai ƙarƙashin tagar ofishin Dokta take. Ya kafe babur, ya yi sallama da ƙarfi irin ta majalisa, suka amsa da ladabi, wani ya tashi ya ba shi benci.

Sai ya gabatar da kansa. Jama'a, ku ji gabatarwa! Ya ce, "Ni ne surukin Dokta Sharhabil in Allah ya yarda. Na zo ne in ji halinsa daga bakinku."

Ɗaliban suka dubi juna. Shi kuwa ya ci gaba yadda ya saba, don a ƙa'idarsa ba a karɓar shaidar wanda ba a san asalinsa ba. Ya nuna wani dogon saurayi ya ce, "Kai, yaya sunanka? Ɗan waye kai? Wace unguwa?"

Saurayin ya miƙe. Sunansa Nazifi, shi ne wakilin aji, kuma a hannun Dokta kundinsa yake. Ya saci kallon taga, sannan ya ce, "Baba, ai Dokta uba ne a wurinmu."

"Madalla! Yana wulaƙanta ku?"

"Wa? Dokta? A'a wallahi, Baba, sai dai gyara."

Kafin ya juya ga na biyu, rabin mutanen sun tuna suna da abin yi a ɗakin karatu. Wata yarinya a gefe ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ƙawarta ta ja mata hijabi, ta mayar da bakin ta rufe. Sambo ya gani sarai. Mutumin da ke cika baki cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ya dubi fuskokin nan da suka bushe da tsoro, ya fassara su da kunya. A ransa ya ce, ga shi nan, da aka zo ido da ido duk sun kasa maimaita ƙaryarsu.

Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Amma ina, ai ba a zuwa wurin mutum a tafi ba a gaisa ba. Ya hau bene ya ƙwanƙwasa ofis. Dokta na ganinsa ya miƙe, ya zagayo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa ta zama, ya buɗe masa lemo mai sanyi da hannunsa. Tsohon direba, wanda ya ƙare rayuwa yana tsaye a bakin ƙofar irin waɗannan ofisoshi, yau ga shi a kujerar mai ofis. Nan take ya narke. Ba a tambaye shi ba ya kwashe komai ya faɗa: shafi, taurari, zuwansa gindin bishiya, da yadda ya ƙure maƙaryata.

Dokta ya saurara yana murmushi. Ya ce, "Allah sarki, Baba, ka sha wahala. Wa ya nuna maka shafin?"

"Yarinyar ce. Ka san yaran zamani da waya."

"Zahra'u da kanta?"

"Ita fa. Amma na yi mata faɗa."

Dokta ya gyara zaman biro a kan tebur, sannan ya ce, "Ba komai, Baba. Ai gara da na sani."

Sambo ya sauko yana cewa bai taɓa ganin mai sanyin hali irin wannan ba. Yaran da ya bari a gindin bishiya kuwa, sauran zangon nan ba su ƙara jin muryar Dokta a aji ba, sai ƙarar alli. Wannan bai dami Sambo ba, don bai ma sani ba.

Yana isa gida ya ce, "A ba shi."

Zahra'u ta ce, "Baffa, ka tabbata?"

Ransa ya ɓaci. "Ke, ni kike tambaya ko na tabbata? Da ƙafata na je, da kunnena na ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baffa. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Aka ɗaura aure. Ranar nan Sambo ko ango bai kai shi farin ciki ba. Manyan malamai suka cika layi da motoci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musabaha da hannu biyu, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne waliyyi.

Dokta ba ya duka. Ba ya zagi. Buhun shinkafa bai taɓa ƙarewa a gidansa ba. Amma tun amarya ba ta gama warware kayanta ba ya zaunar da ita ya ce ta faɗa masa, a cikin abin da ta karanta a kansa, wanne ta gaskata. Ta ce ta bar wannan magana tun da Baffa ya yanke. Ya ce shi bai bar ta ba. Daga nan aka buɗe gaba. Ya shigo ya wuce ta kamar bango, ta ajiye abinci ya tsallake ya fita ya ci a waje, ta gaishe shi ya dubi agogo. In ya gaji ya sauko, sai a yi kwanaki ana zaman lafiya har ta fara sakin jiki, sannan wani abin ya taso. Wata rana a gaban baƙinsa ya faɗi wata magana a kan yadda ake koya wa yara karatu, ita kuwa aikinta ne, ta ce a ajinsu ba haka suke yi ba. Sai da baƙi suka tafi sannan ya yanke mata hukunci. Ƙarshen wannan wata ta ajiye aikin koyarwa, don ya ce tun da ta fi shi sani, ta zauna a gida ta koya wa kujeru.

Kaltume ta ji, hankalinta ya tashi, ta kira Sambo. Ya ce, "Ya dake ta?" Ta ce a'a. "Ya hana ta ci ko sutura?" Ta ce a'a. Ya ce, "To, Yaya, me ake so bawan Allahn nan ya yi? Mutum mai digiri uku!" Ya karkaɗe rigarsa ya tafi wani binciken a Kinkinau, ko a jikinsa.

Zahra'u ta daure har shekara ta zagayo ta wuce. Ran nan da hantsi sai ga ta a gidan uwarta da jaka ɗaya. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, muryarta ta koma ciki. Matar da a da in tana magana a aji ana jiyo ta daga bakin titi, yanzu sai an ce "me kika ce?" Kaltume ta rungume ta ta fashe da kuka.

Dokta bai zo biko ba. Waya ya yi wa Sambo, cikin ladabin nan nasa, ya ce shi ba fushi yake ba, ƙofarsa a buɗe take. Abu ɗaya kawai yake so: ta dawo ta ba shi haƙuri a gaban wanda ya ba shi ita. Sambo ya ajiye waya yana girgiza kai yana cewa, "Ka ji dattako."

Bayan la'asar ya zo gidan, aka kawo masa kujera tsakar gida. Zahra'u ta fito ta zauna a tabarma, Kaltume na bakin ƙofar ɗaki. Ya gyara murya ya ɗauko karatun da ya saba yi wa 'ya'yan mutane. Aure ibada ne. Zaman duniya ɗan haƙuri ne, mahaƙurci mawadaci. Iyayenku mata abin da suka shanye ya fi wannan. Daga nan ya gangaro kan abin da ya fi ci masa rai.

"Ni na san tushen abin nan. Shafin nan ne. Tun ranar da kika karanta shirmen 'yan iskan yaran nan kika sa wa mijinki mugun zato. Su da suke ƙarƙashinsa ma ai haƙuri suke yi, suna karatunsu, suna gamawa lafiya. Ke wace ce da ba za ki iya ba? Gobe ki shirya, ni da kaina zan mayar da ke."

Zahra'u ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya.

Ta ce, "Baffa, su shekara huɗu suke yi a hannunsa su fita. Ni nawa ka ɗibar min?"